Yaron Da Ke Kuka A Gidan Soja: Wa Zai Kai Ƙara, Kuma A Ina?

Daga wakilinmu a Jos

Duk wanda ya san Bukuru ya san kuza ce ta tara mutanenta. Tun farkon ƙarnin da ya wuce, sa'ad da Turawan kamfani suka buɗe ramukan haƙa a ƙasar Birom, leburori da 'yan kasuwa suka yi ta kwararowa daga Kano da Katsina da Zazzau da Bauci da Barno, suka haɗu da Yarbawa da Ibo, aka zauna wuri ɗaya ana neman abinci. Yau harkar kuza ta ja baya, sai manyan kududdufan da ta bari a bayan gari. Amma garin bai rasa baƙi ba, domin kuwa akwai wata jama'a da take ta ƙaruwa a kewayensa, watau masu kaki da iyalansu.

A nan Bukuru ne Kwalejin Horar da Manyan Jami'an 'Yan Sanda take. A Kuru, 'yar tafiya kaɗan, akwai Cibiyar Nazarin Manufofin Ƙasa wadda aka kafa a 1979, inda manyan hafsoshi kan zo su yi kwas tare da manyan ma'aikatan gwamnati. A Rukuba, cikin ƙaramar hukumar Bassa, hedkwatar Runduna ta 3 ta Sojan Ƙasa take, a barikin da aka sa wa sunan Birgediya Janar Maxwell Khobe, wanda ya yi suna a yaƙin Saliyo, ya rasu a shekarar 2000. Sojan sama ma suna da sansaninsu da makarantunsu a Jos. Bugu da ƙari, bayan rikicin watan Janairu na 2010, wanda Bukuru ta ɗanɗana kuɗarsa ƙwarai, Gwamnatin Tarayya ta kafa rundunar haɗin gwiwa ta musamman don tsaron Filato, sojoji suka zama abin gani kullum a shingayen hanya da kasuwanni.

To, waɗannan sojoji suna da mata da 'ya'ya. Waɗansu suna cikin bariki, waɗansu kuwa ɗakunan bariki ba su ishe su ba, suna haya a cikin unguwanni, ƙofa da ƙofa da farar hula. 'Ya'yansu suna zama aji ɗaya da namu, suna zuwa Islamiyya ɗaya ko majami'a ɗaya, ana yi musu allura a asibiti ɗaya. Saboda haka tambayar da ke kan wannan shafi ta shafi malamar firamare da mai shagon unguwa da mai gidan haya, kamar yadda ta shafi Kwamanda: idan ka ga alamar ana cutar yaro a gidan soja, wa za ka gaya wa, kuma me zai biyo baya?

ABIN DA ƘIDAYA TA NUNA

A shekarar 2014 Hukumar Ƙidayar Jama'a ta Ƙasa, tare da taimakon Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, watau UNICEF, da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, ta gudanar da bincike gida gida kan cin zarafin yara a Nijeriya. Sakamakon da aka bayyana a watan Satumba na 2015 ya girgiza mutane. Yara 6 cikin 10 sun gamu da wani irin cin zarafi kafin su cika shekara 18. Rabin yaran sun sha duka ko azaba ta jiki. Yarinya 1 cikin 4, da yaro namiji 1 cikin 10, an yi musu lalata ko an yi yunƙurin yi. Abin da ya fi ban takaici shi ne, waɗanda suka sami wani taimako daga hukuma ba su kai 5 cikin 100 ba. A wannan wata ne Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shekarar yaƙi da cin zarafin yara, Jihar Filato kuma ta ƙaddamar da nata gangamin a 2016.

Wannan ƙidaya ta ƙasa ce baki ɗaya, ta haɗa gidan malami da na ɗan kasuwa da na manomi. Ya kamata a faɗi haka tun da wuri, kada wani ya ɗauka ana cewa soja ya fi kowa mugunta ga 'ya'yansa. Da yawa daga cikin likitoci da lauyoyi da 'yan jaridar ƙasar nan tashin bariki ne, kuma suna alfahari da tarbiyyar da suka samu a can. Abin da ya bambanta gidan soja shi ne irin nauyin da ke kansa, da kuma wahalar da magana kan sha kafin ta fita daga cikinsa.

Nauyi na farko shi ne tafiya. Kafin a kafa Runduna ta 7 a Maiduguri a watan Agusta na 2013, yankin Arewa maso Gabas yana ƙarƙashin Runduna ta 3 ta Jos ne, kuma har bayan nan ba a daina ɗibar sojoji daga barikokin ƙasar nan ana tura su fagen fama ba, daga zamanin Lafiya Dole har zuwa Haɗin Kai. Kafin wannan an yi Laberiya tun daga 1990, an yi Saliyo, an yi Darfur. Mutum ya tafi wata da watanni, wani lokaci shekaru, ya bar yarinyar mace da yara uku ko huɗu a ɗaki da falo, nesa da uwarta da 'yan uwanta, kullum kunnenta yana kan waya. A watan Agusta na 2014 matan sojoji a Maiduguri sun fito sun tare ƙofar bariki don hana a tafi da mazajensu. Wanda ya ga hotunan wannan rana ya san irin zullumin da ke cikin zukatan matan bariki.

Amurkawa sun auna wannan abu da alƙaluma. Wani bincike da mujallar Ƙungiyar Likitocin Amurka ta buga a 2007, wanda ya duba iyalan sojoji 1,771 da aka taɓa samunsu da cutar da yaro, ya gano cewa cutarwar takan ƙaru da kashi 42 cikin 100 a lokacin da aka tura uban gida yaƙi. Kuma yawancin ƙarin daga wajen matan da aka bari a gida ya fito, musamman ta fuskar sakaci, wanda ya ninka kusan sau huɗu. Watau uwar da ta gaji, ba ta barci, ba mai karɓar mata goyo, ita ce kan bar jariri shi kaɗai a ɗaki, ko ta huce haushinta a kan babban ɗanta. In haka ta faru a ƙasar da albashi ke zuwa kan kari, kuma kowane bariki yana da ma'aikatan kula da iyali, mai karatu ya kwatanta da namu.

Nauyi na biyu shi ne dawowa. Ba duk wanda ya dawo daga daji ba ne yake dawowa yadda ya tafi. Akwai mai firgita cikin barci, akwai wanda ƙarar faɗuwar kwano kan tayar masa da hankali, akwai wanda ya sami mafaka a kwalba ko ƙwaya a kasuwar mami. Wannan ciwo ne, likitoci sun san shi, kuma yana da magani. Amma kafin a kai ga magani, wanda ya fi kowa ƙanƙanta a gidan shi ne yake kusa da hannu.

TSAKANIN HORO DA CUTA

A nan ne gardama kan tashi. Bahaushe ya yarda icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma bariki wuri ne da aka gina bisa horo. Uban da ya wuni yana sa kurata tsallen kwaɗo ba ya ganin laifi in ya sa ɗansa ɗan shekara bakwai ya yi irinsa. Ita kanta tsohuwar dokar hukunta laifuffuka ta Arewa, wadda aka fi sani da Final Kod, da ta fara aiki a 1960, ta bar wa iyaye damar ladabtar da ɗansu, amma da sharaɗin kada ladabin ya kai ga mummunan rauni. Wannan sharaɗi shi mutane kan manta.

Likitoci da malaman asibiti suna da alamun da suke dubawa. Yaro mai ƙiriniya a gwiwa da ƙwauri da goshi yake jin ciwo. Idan aka ga shatar bel ko wayar lantarki a gadon baya da cinyoyi, ko tabo sabo a kan tsohon tabo, ko ƙuna mai siffar dutsen guga ko bakin cokali, ko karaya a jikin jaririn da bai fara tafiya ba, to wannan ba faɗuwa ba ce. Haka nan idan labarin da babba ya bayar bai dace da raunin ba, ko yau a ce daga kan gado ya faɗo, gobe a ce ƙofa ce ta buge shi. Jijjiga jariri da ƙarfi don ya yi shiru, abin da waɗansu ke ɗauka ba kome ba ne, yana iya zubar da jini a ƙwaƙwalwarsa ya makantar da shi ko ya kashe shi. Akwai kuma alamun da ba a jiki suke ba: yarinyar da ta saba surutu ta koma shiru, yaron da ya daina fitsarin kwance ya koma yi, ɗalibin da in an tashi makaranta yake ta jan ƙafa ba ya son komawa gida, ko ƙaramar yarinya da ke faɗin maganganun da suka fi ƙarfin shekarunta.

Ko ɗaya daga cikin waɗannan bai isa a ce an kama mutum da laifi ba. Amma ya isa a yi magana. Maƙwabci ba alƙali ba ne, ba a kuwa nemi ya zo da hujja ba. Tabbatarwa aikin likita ne da mai bincike. Wanda ya ce sai ya tabbata kafin ya buɗe baki, sau da yawa tabbacin da yake jira a makabarta yake samunsa.

ƘOFAR CIKI

Bariki yana da nasa tsarin zaman jama'a, kuma tsari ne mai ƙarfi wanda yawancin unguwanninmu ba su da irinsa. Tun zamanin Turawa, lokacin da Hausa ce harshen fareti, aka gaji sarautar Magajiya, watau shugabar matan sojoji, kuma har yau da wannan suna ake kiranta ko a barikin Legas ko na Inugu. Ita ke sanin wadda ta haihu, da wadda mijinta ya bar ta ba cefane, da ɗakin da ake jin ihu da dare. Sama da ita akwai Samanja, uban ƙananan sojoji, wanda marigayi Usman Baba Pategi ya sa duk Arewa ta san kwarjininsa a wasan kwaikwayon Samanja Mazan Fama. Daga nan sai Kwamanda. A gefe guda ga 'yan sandan soja masu jar hula, ga asibitin bariki, ga limamin soja da faston soja, ga ƙungiyar matan hafsoshi da ta matan ƙananan sojoji. Tun watan Fabrairu na 2016 kuma, a zamanin Laftana Janar Tukur Yusuf Buratai, rundunar sojan ƙasa ta buɗe teburin karɓar koke-koken keta haƙƙin ɗan Adam.

Wannan ƙofa tana da amfani, kada a raina ta. Abin da ɗan sanda zai yi mako yana nema, Samanja zai yi shi kafin azahar. Kwamanda yana da ikon raba mutum da bindiga, ya tsare shi a gadirum, ya tura shi asibiti ko yana so ko ba ya so. Dokar Sojoji ta ƙasa, wadda asalinta dokar soja ce mai lamba 105 ta 1993, ta sa fyaɗe da lalata da ƙaramar yarinya cikin laifuffukan da kotun soja ke hukuntawa.

Amma ƙofar ciki tana da aibi guda wanda yake a cikin ginin ta, ba a halin mutanen da ke tsaronta ba. Kowa a bariki yana da muƙami, har matan da ba su taɓa sa kaki ba. Matar Kofur ta san matsayinta a gaban matar Manjo. Idan wanda ake zargi Kofur ne, magana takan tafi da sauri. Idan kuwa hafsa ne, to wa zai ɗauki maganar, alhali takardar ƙarin girman mijin Magajiya da ta Samanja kansa ta teburin hafsoshi take bi? Sa'an nan ga kishin sunan bataliya. Ba Kwamandan da ke son a ji sunan rundunarsa a rediyo kan irin wannan magana. Saboda haka abin da ya fi sauƙi shi ne a kira mutum a ja masa kunne, a ce a je a sasanta, ko kuma a yi masa canjin wurin aiki. Ya tattara iyalinsa ya tafi Sakkwato ko Fatakwal, yaron ya tafi da tabonsa, malamar da ta fara lura da shi ba za ta sake ganinsa ba, kuma ba wata takarda da za ta bi shi.

ƘOFAR WAJE

Abin da mutane da yawa ba su gane ba shi ne, ɗan da soja ya haifa ba soja ba ne. Farar hula ne, kuma muddin yana zaune a Filato, dokar Filato ce ke kare shi, ko a cikin bariki yake kwana ko a Gyel. Majalisar Tarayya ta zartar da Dokar Haƙƙin Yara a 2003, Jihar Filato kuma ta mayar da ita dokar jiha a 2005, tana cikin na farko a Arewa. Kano sai a 2023 ta sa hannu a kan tata. Dokar ta ce duk wanda bai cika shekara 18 ba yaro ne. Ta hana a yi masa rauni a jiki ko a zuciya, ta hana azabtarwa da sakaci. Dokar tarayyar ta yanke ɗaurin rai da rai ga wanda ya yi lalata da yaro. Ta ɗora wa gwamnatin jiha alhakin yin bincike idan aka sami dalilin zaton yaro yana cikin haɗari, ta ba 'yan sanda ikon ɗauke shi su ajiye a wuri mai aminci na ɗan lokaci, ta kuma tanadi kotun iyali.

Kaki ba ya hana kotun farar hula yi wa soja shari'a a kan laifin da ya yi wa dokar ƙasa. Ita kuwa kotun soja ba ta da iko a kan matar soja, ko ƙanensa da ke zaune tare da su, ko mai wanki da guga da ke shigowa bariki da safe. Tun da yake sau da yawa mai cutar da yaron ɗaya ne daga cikin waɗannan, ƙarar da ta tsaya a ofishin Samanja ba ta da inda za ta.

Amurka ta koyi wannan darasi da tsada. Tun 1981 Ma'aikatar Tsaronta ta kafa shirin kula da iyalan sojoji, da ofis a kowane babban bariki. Duk da haka, a watan Yuli na 2005, wata yarinya 'yar shekara 5 mai suna Talia ta mutu a gidan soja a jihar Hawai, bayan wata da watanni tana shan duka a hannun ubanta, wanda soja ne, da matar uban. Mutane a barikin sun ga alamu, waɗansu ma sun yi magana, amma maganar ta yi ta zagaye a cikin gida ba ta kai ga hukumar kare yara ta jihar yadda za a ɗauke ta ba. An yanke wa uban ɗaurin rai da rai. A watan Disamba na 2016 aka sa hannu a kan dokar da ake kira da sunanta, wadda ta wajabta wa ma'aikatan soja masu hulɗa da yara su sanar da hukumar farar hula ta jiha kai tsaye, ban da sanarwar da suke yi a cikin bariki. Shekara 11 aka yi kafin a toshe wannan rami.

A ganina wannan ita ce ƙa'idar da ta kamata kowa ya riƙe a Bukuru da Rukuba: a buga ƙofa biyu. A gaya wa na ciki don su yi saurin raba yaron da haɗari, a gaya wa na waje don maganar ta shiga takarda a wurin da canjin aiki ba zai share ta ba. Na waje kuwa su ne ofishin 'yan sanda na Bukuru ko hedkwatarsu ta jiha, da Ma'aikatar Harkokin Mata da Jin Daɗin Jama'a ta Jihar Filato, da ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa da ke Jos, da ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, wadda kan tsaya wa marasa ƙarfi kyauta. Ga mai tsoron kada a ce ya shiga hurumin soja, ko ɗan sandan da ke shakkar tunkarar ƙofar bariki, Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta fi sauƙin shiga, domin tana iya rubuta wa rundunar takarda kai tsaye.

ABIN DA KE RUFE BAKIN UWA

Sau da yawa akan zargi uwa, a ce tana gani ta yi shiru. Kafin a zarge ta, a dubi lissafin da take yi. Ɗakin da take ciki na gwamnati ne, da sunan mijin aka ba su. Makarantar yara ta bariki ce. Asibiti na bariki ne. Idan ta kai ƙara aka kori mijin daga aiki, ran nan albashi ya tsaya, ba da jimawa ba a ce su fitar da kaya. Ta ceci yaro ɗaya daga duka, ta jefa huɗu cikin yunwa, ga dangin miji da za su ce ta tona asirin ɗansu, ga nata dangin da za su ce ta yi haƙuri. In mijin ya gane ita ta kai shi kuma ba a yi masa kome ba, da shi za ta kwana, ga shi mutum ne da ya san makami.

Wannan ma Amurkawa sun yi masa tanadi tun 1993. Idan aka kori soja saboda cutar da iyalinsa, gwamnati takan ci gaba da biyan matar da yaran wani abu duk wata, daga shekara ɗaya zuwa uku, tare da damar zuwa asibiti, har su tsaya da ƙafafunsu. Ba don tausayi kaɗai suka yi haka ba. Sun lura cewa muddin faɗin gaskiya yana nufin rasa abinci, ba mai faɗa. Wannan abu ne da Majalisar Tarayya da Hedkwatar Tsaro za su iya dubawa.

'YAR AIKI

Akwai wata yarinya da ta fi kowa rashin gata a wannan magana, ita ce wadda aka ɗauko daga ƙauye don ta yi raino da wanke-wanke. Gidajen ma'aikata a Jos da kewaye cike suke da irinta, na masu kaki da na farar hula, kuma rikice-rikicen da suka raba mutane da garuruwansu sun ƙara yawansu. A watan Nuwamba na 2022 jaridun ƙasar nan sun ba da labarin wata yarinya 'yar shekara 11 da ke aikatau a wani gida a Vom, maƙwabtan Bukuru, wadda ta rasu a asibiti da raunuka a jikinta, 'yan sanda kuma suka kama uwar ɗakinta. Wannan gida ba na soja ba ne, a cikin jama'a yake. In har yarinya za ta kai ga haka a wurin da kowa ke wucewa, ina ga wadda ke bayan shingen da sai an nuna kati ake shiga?

Dokar hana fataucin mutane ta 2015 ta haramta ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida, da hukuncin ɗaurin da zai iya kai shekara 7, kuma hukumar NAPTIP ce ke da alhakin wannan. Bariki ya fi ko'ina sauƙin aiwatar da wannan doka, domin hukumar bariki tana da ikon sanin duk wanda ke kwana a kowane ɗaki. Wanda ya iya ƙidaya harsashi ba zai kasa ƙidaya yara ba.

IDAN KAI NE KA GANI

Idan yaro ya buɗe baki ya gaya maka, ka saurare shi a natse, kada ka yi salati da ihu har ya tsorata ya janye maganar. Kada ka yi ta yi masa tambayoyi kana sa masa magana a baki, domin wannan kan ɓata shari'a daga baya. Kada kuma ka yi masa alkawarin ba za ka gaya wa kowa ba. Ka rubuta abin da ya faɗa da kalmominsa, da rana da lokaci, da abin da idonka ya gani. Kada ka tunkari wanda ake zargi, musamman mai riƙe da makami, kada kuwa ka tara masa jama'a. A gari irin Bukuru, inda ƙaramar magana kan rikiɗe ta zama ta addini ko ta ƙabila kafin la'asar, wannan gargaɗi ba na wasa ba ne. Hoton yaron kuma ba na Facebook ba ne. Wanda ya watsa shi ya ƙara masa wani tabon da zai bi shi har girma.

In akwai rauni, asibiti ne farko. In lalata ce, kada a yi wa yarinyar wanka, kada a wanke tufafinta, a kai ta babban asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos ko Asibitin Ƙwararru na Jihar Filato, cikin gaggawa. Maganin da ke hana kamuwa da ƙanjamau sai an fara shan sa cikin awa 72 yake aiki. Kwana ukun da dangi kan ɓata suna taron sasantawa, su ne kwana ukun da likita yake bukata. A kuma nemi rahoton likita a rubuce.

Malaman makaranta da ma'aikatan asibiti su ne suka fi kowa ganin waɗannan yara, su ne kuma suka fi tsoron rasa aikinsu, musamman farar hular da ke koyarwa a makarantun bariki. Jihar Legas, tun watan Disamba na 2014, ta fitar da umarnin gwamna da ya wajabta wa irin waɗannan ma'aikata kai rahoton lalata da yara. Fa'idar wajabtawa ita ce tana kare mai kai ƙarar: in an tambaye ta don me ta yi, sai ta ce doka ce ta sa ni. Babban Kwamandan Runduna ta 3 yana iya ba malamai da ma'aikatan jinya na Rukuba irin wannan kariya da takarda guda mai ɗauke da sa hannunsa, wadda za ta ce duk zargin cutar da yaro a sanar da 'yan sandan soja da Ma'aikatar Harkokin Mata ta jiha a rana ɗaya, ko ɗan Kofur ne ko ɗan Kanar, a liƙa ta a ƙofar asibiti da ofishin hedimasta, a kuma ba Magajiya kwafinta da lambar wayar jami'in jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma.